Yadda ake shawo kan menu a wasannin tseren mota na sitiyari

Duk wanda ya ɗaura sitiyari a teburi a karon farko, burinsa ya ga kansa a kan hanya yana shan kwana. Amma mafi yawan mutane a cikin menu suke ƙare darensu na farko: shafi cikin shafi, zaɓin da ake nema ya ɓuya, birki ya ƙi amsawa, a danna maɓalli a koma baya maimakon gaba. Na sha haɗa wannan kaya, nawa da na abokai, kuma na ga yadda ran mutum yake ɓaci har ya fara tunanin ko kayan ne ba su da kyau. Galibi kayan lafiyarsu ƙalau. Matsalar ita ce saitin ya rabu gida uku: wani yana jikin sitiyarin, wani a manhajar kamfanin da ya ƙera shi, wani kuma a cikin wasan. A cikin wasan ma, wani saitin na kowace mota ne gaba ɗaya, wani na mota guda ne kawai, wani kuma ba ya bayyana sai ka shiga filin tsere. Idan ka bi su a jere daga waje zuwa ciki, sau ɗaya za ka sha wahalar. Idan ka yi ta tsalle tsakaninsu, gyaran wannan zai riƙa ɓata wancan.

Abin da za ka tanada

Sitiyari da feda, wato totur da birki da kuloci idan akwai, a ɗaure su tam yadda ba za su motsa ba. Sai kibod da linzamin kwamfuta a inda hannunka zai kai ba tare da ka tashi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin wasannin kwamfuta an zana shafukansu ne don linzami, sitiyari ba ya iya shiga ko'ina. Ƙaramin kibod mara waya mai wurin shafawa ya fi komai daɗin aiki. Idan babu, ka ajiye linzami a kan kujera ko akwati a gefen dama.

Ka nemi takarda da biro, da tef na awo, da wayarka don ɗaukar hoton kowane shafi bayan ka gama saita shi. Ka tanadi filasha ko wani wurin ajiya dabam don kwafin fayiloli. Sannan ka ware kamar awa ɗaya da rabi wadda ba ka da niyyar yin tsere da kowa a cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya shiga ɗakin jiran tsere agogo yana ƙirga masa daƙiƙu, a lokacin yake neman inda ake zuba mai, ya riga ya makara.

1. Tabbatar da kayan kafin ka buɗe wasa

Sa kebul ɗin USB kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta mahaɗa mai baki da yawa ba, kuma ka lura da bakin da ka sa shi. Kullum nan za ka riƙa mayar da shi. Da ka kunna, sitiyari irin Logitech G29 ko Thrustmaster T300 zai juya da kansa hagu da dama yana neman tsakiyarsa. Ɗauke hannunka, ɗauke ƙafarka daga feda har ya gama. Wanda ya riƙe shi a wannan lokacin zai ga mota tana jan gefe guda, ya yi ta bincike a menu a banza. Wasu sitiyarin suna da ɗan makunni na zaɓar na'urar da za su yi aiki da ita. Duba littafin da ya zo da naka ka sa shi inda ya dace.

Girka manhajar kamfanin, kamar G HUB ga masu Logitech, ka sa iyakar juyawa a cikakkiyarta: digiri 900 ga G29 da G920, 1080 ga T300. Daga nan danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, ka buɗe na'urarka. Juya sitiyari, taka kowace feda, danna kowane maɓalli. Abin da bai motsa a nan ba, ba zai motsa a wasa ba, don haka kada ka ɓata lokaci a gaba. Ka duba kuma cewa totur da birki kowanne layinsa daban. Idan layi guda suke motsawa, an haɗe su, kuma ba za ka iya taka biyun tare ba. Nemo zaɓin raba su a manhajar.

Cire duk wani hannun wasa da ke jone. Idan ta Steam, shagon wasannin kwamfuta, ka sayi wasan, shiga bayanan wasan ka kashe Steam Input, domin yakan sa wasa ya ɗauki sitiyari a matsayin hannun wasa na yau da kullum.

2. Zaɓi mota ɗaya da fili ɗaya

Wannan matakin gajere ne amma shi ne ginshiƙin sauran. Ɗauki mota guda, fili guda, yanayi busasshe, ka buɗe atisaye na kai kaɗai. Ni Monza ta Italiya nake ɗauka, domin tsawonta bai kai kilomita 6 ba, tana da miƙaƙƙun hanyoyi da za ka iya ɗauke ido ka duba allo, ga wuraren birki mai ƙarfi da za su gwada maka feda. Kada ka canza mota har ka gama komai. Idan ka canza, ba za ka san ko saitinka ne ya sauya abin da kake ji ko motar ce ba.

A nan ne za ka gano ɗabi'ar wasanka. A iRacing, wanda ya fito a 2008, ba a shafin farko ake saita sitiyari ba, sai ka loda zaman gwaji ka shiga cikin wasan sosai. A Assetto Corsa na 2014, wanda kamfanin Kunos na Italiya ya yi, saitin na'urori yana shafin waje, saitin mota kuma yana cikin fili. Gran Turismo 7 na 2022 taswira ce mai gine-gine, gareji daban, shagon kayan gyara daban. Ka ɗauki minti biyar kana buɗe shafuka kawai ba ka taɓa komai, kana rubuta a takarda inda kowane abu yake.

Tun a nan ka daidaita ma'auni: lita ko galan, kilomita ko mil, psi ko kPa na iskar taya. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Idan wasan yana da zaɓin taga mara gefe, sa shi, domin zai ba ka damar leƙa wata manhaja ka dawo ba tare da allo ya yi baƙi ba.

3. Awon sitiyari da feda

Lambar juyawa a wasa dole ta yi daidai da ta manhajar kamfani. Idan can 900 ne, nan ma 900. Wasan ne zai rage ta gwargwadon kowace mota. iRacing yakan ce ka juya hagu ƙarshe, dama ƙarshe, sannan ka juya kwata ɗaya na da'ira. Ka gyara hannu har lambar da ke allo ta nuna iyakar sitiyarinka kafin ka amince. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka shiga mota ka juya sitiyari a hankali: na hannunka da na allo su tafi tare kamar mutum da inuwarsa. Idan na allo ya fi sauri ko ya fi nawa, lambobin ba su yi daidai ba.

Wajen birki, kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya taka da iyakar ƙarfinsa lokacin awo. Sai wasa ya ɗauki wannan a matsayin cikakken birki, alhali a tsere ba zai iya maimaita shi zagaye ashirin ba. Taka da ƙarfin da za ka iya yi sau ɗari ba gajiya. Bayan haka saki feda ka kalli layinta. Idan yana rawa ƙafarka ba ta kai, ƙara masa ɗan wurin da ba ya ji, kashi 2 ko 3 cikin ɗari ya isa. Birkin da ke taɓuwa da kansa yana cin gudu a miƙaƙƙiyar hanya ba ka sani ba. Idan kuma ka ga layi a cike kafin ka taka, ya sauka in ka taka, to a juye yake. Akwai ƙaramin akwati na juyawa a gefensa.

4. Rabon maɓallai

A nan nake so ka fi daɗewa, domin nan ne menu ya fi azabtar da mutane. Shafin maɓallai yakan zo da jerin ayyuka masu tsawo, wasu a shafuka uku ko huɗu, sunayensu ba su bayyana komai ba, kuma mutum yakan fara daga sama yana ba kowane aiki maɓalli har maɓallan su ƙare kafin ya iso kan masu muhimmanci. Kada ka fara a allo. Zana sitiyarinka a takarda, ka sa wa kowane maɓalli lamba, sannan ka raba ayyukan gida uku.

Gida na farko, abin da za ka danna mota tana gudu a tsakiyar kwana: giya sama da ƙasa, duba hagu da dama, da maɓallin taƙaita gudu a layin gareji. Waɗannan su zauna ƙarƙashin babban yatsa, inda ba sai ka duba ba. Gida na biyu, abin da za ka danna a miƙaƙƙiyar hanya: ƙara ko rage TC mai hana tayoyi sulɓewa, ABS mai hana birki kullewa, rabon birki tsakanin gaba da baya, fitila, abin share gilashi, da maɓallan yawo cikin ƙaramin menu na cikin tsere. Gida na uku, abin da ake yi mota tana tsaye: kunna wuta, tayar da inji, canza kyamara, komawa gareji. Waɗannan ka bar su a kibod.

Komawa gareji musamman, nisanta shi daga yatsunka. Na taɓa sa shi kusa da maɓallin fitila a wani wasa, dare ya yi a cikin tseren, na kai hannu don haske, sai ga ni a gareji, tseren minti arba'in ya tafi. Tun daga ranar ba na sa duk wani abu da zai iya kawo ƙarshen tsere a jikin sitiyari.

Ka lura da Assetto Corsa Competizione, wanda wasa ne daban da Assetto Corsa: kunna wuta daban, tayar da inji daban. Idan ba ka ba su maɓalli ba kuma ba ka kunna taimakon tayarwa ta atomatik ba, in mota ta mutu bayan ta juya, za ka zauna kana kallon sauran suna wucewa. A iRacing kuma akwai akwatin da ke sa maɓallan su zama na wannan motar kaɗai. Yana da amfani, amma ka san lokacin da yake kunne, don kada ka gyara abu ka shiga wata mota ka tarar babu shi.

Idan wasa ya ƙi karɓar maɓalli, sau da yawa wani aiki ne ya riga ya riƙe shi a wani shafi da ba ka gani. Goge shi can tukuna. Idan kuma duk abin da ka zo sawa sai ya kama feda, to fedar ce ke rawa, koma mataki na uku. Wanda maɓallansa ba su da yawa ya duba ko wasan yana yarda a riƙe ɗaya a danna wani, hakan yana ninka su. In babu wannan, ƙaramin kibod na lambobi a manna shi gefen sitiyari yana yin aikin akwatin maɓallai.

Abu na ƙarshe a nan: tsarin da ka zana, yi amfani da shi a kowane wasa. Hannu ba ya karanta sunan wasa, inda ya saba nan yake zuwa.

5. Faɗin gani da wurin zama

Auna nisa daga idonka zuwa allo, ka auna faɗin allon da tsayinsa. Misali, allo mai inci 27 faɗinsa kusan santimita 60 ne, tsayinsa kusan 34. Idan kana nesa da shi santimita 70, faɗin gani na gaskiya, wato faɗin abin da wasa zai nuna maka a allo, kusan digiri 46 ne a kwance, 27 a tsaye. Tarkon yana nan: iRacing lambar kwance yake nema, Assetto Corsa ta tsaye, kuma shafin ba lallai ya gaya maka ba. Sa lambar wannan a wancan zai sa hanya ta zama kamar rami mai nisa ko kuma kwana ta faɗo maka a fuska. Da allo ɗaya, lambar gaskiya takan yi matsi da farko. Matso da allon kusa da bayan sitiyari, ko ka ƙara digiri kaɗan. Bayan haka ne za ka gyara kujera da madubi, ba kafin ba, domin canza faɗin gani yana rusa su.

6. Nauyin sitiyari

Shafin nan yakan cika da layuka goma da ake jan su don ƙari ko ragi, amma biyu ne suka shafe ka yau. Na farko ƙarfin gaba ɗaya. Idan ya yi yawa, injin sitiyari yakan kai iyakarsa, sai duk kwana ta zama nauyi iri ɗaya, ba ka jin lokacin da taya ta fara saki. Yawancin wasanni suna da ɗan layi a allo da ke nuna haka, yakan yi ja idan ya cika. Yi zagaye biyu kana lura. In yana ja a kowace kwana, rage kashi biyar ka sake. A iRacing akwai maɓallin da ke auna maka da kansa bayan ka yi zagaye mai tsabta, a akwatin da maɓallin F9 na kibod ke buɗewa. A Assetto Corsa, alamar ƙari da ragi na ɓangaren lambobi a kibod suna canza ƙarfin motar da kake ciki kana tuƙi.

Na biyu ƙaramin ƙarfi na tsakiya. Sitiyari masu haƙoran giya irin G29 suna da ɗan wuri a tsakiya da ba a jin komai. Ƙara wannan lamba kaɗan-kaɗan har wurin ya cike. Da sitiyari ya fara kaɗawa da kansa a miƙaƙƙiyar hanya, ka wuce gona da iri, dawo baya. Sauran layukan ka bar su yadda suka zo. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta.

7. Menu na cikin tsere

Wannan shi ne wanda ake buɗewa da gudun kilomita ɗari biyu da wani abu, don haka sai an haddace shi. A iRacing akwatuna ne a maɓallan F: F3 yana nuna wanda ke gabanka da bayanka, F4 mai, F5 tayoyi. A Competizione shafuka ne da ake zagayawa da maɓalli guda. A Gran Turismo 7 hagu da dama suna canza shafi, sama da ƙasa suna canza lamba, kuma a shafin mai, 1 ne mafi ƙarfi, 6 mafi tsimi.

Tsaya a gareji ka ƙirga dannawa nawa ne daga shafin farko zuwa na mai, nawa zuwa na taya. Rubuta. Sannan fita ka yi shi a miƙaƙƙiyar hanya sau goma, har ka iya da kallo ɗaya. Yi cikakkiyar tsayawa a gareji aƙalla sau uku a atisaye: danna taƙaita gudu kafin layi, tsaya a akwatinka, ka ga abin da aka yi wa motar. Mutane da yawa a nan suke gano cewa an bar alamar canza taya huɗu ko gyaran jiki a kunne, abin da ke ƙara daƙiƙu masu yawa ba dalili.

Lissafin mai kuma a yi shi kafin a shiga. Ce tseren minti 20 ne, zagayenka minti 1 da daƙiƙa 50: zagaye 11 ke nan. Ƙara ɗaya na kariya, 12. Idan motar tana shan lita 3 a zagaye, zuba 36. In akwai zagayen da motoci ke yi a jere kafin a fara tsere, ƙara nasa. Kada ka ɗauka wasan ya zuba maka daidai.

8. Ajiye saitin mota da suna mai ma'ana

Mai farawa ba ya buƙatar taɓa sifirin ko fikafikai. Competizione yana ba da saiti uku a shirye, na kwanciyar hankali, na zafi, da na ruwan sama. Ɗauki na farko ka gyara mai da iskar taya kawai. Iskar ana duba ta ne bayan zagaye uku, taya ta yi zafi, kuma tun gyaran wasan na 2023 motocin tsere na rukunin GT3 suna son tsakanin psi 26 da 27 a busasshiyar hanya. Ajiye da suna da zai yi maka magana bayan wata uku: fili, zafin rana, tsere ne ko neman gurbin tashi, yawan mai. Ka kuma tabbata ka danna lodawa, domin a wasanni da yawa haskaka sunan saiti bai sa shi a mota ba. Lambar mai ita ce shaida. Duba ta kafin ka fita.

9. Kwafi

Rufe wasan ta hanyar da ta dace, kada ka kashe shi da ƙarfi, domin wasu sai a lokacin rufewa suke rubuta saiti. Buɗe Documents, za ka ga folda mai sunan wasan. A Assetto Corsa maɓallanka suna cikin cfg, a Competizione cikin Config, a iRacing akwai controls.cfg da app.ini. Kwafe foldar gaba ɗaya zuwa filasha, ka sa kwanan wata a sunanta. Idan OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, yana kula da Documents ɗinka, ka sani yana iya matsar da foldar zuwa wani wuri, nan za ka neme ta.

Masu PlayStation da Xbox ba su da wannan dama ta taɓa fayil, don haka hotunan waya su ne madogararsu: kowane shafi, har ƙasansa, tare da takardar maɓallai. Mai Assetto Corsa a kwamfuta kuma, bayan ya gama duk wannan, zai iya gwada Content Manager, manhajar da ba kamfanin ne ya yi ta ba, wadda ke tara mota da fili da yanayi a shafi guda. Ina ba da shawarar a fara sanin menu na asali tukuna, don in wani abu ya lalace a san daga ina ne.

Ranar da ka buɗe wasa ka tarar sitiyari ba ya amsawa, kada ka fara sake sa maɓallai. Rufe wasan, duba ko kebul yana bakin da ya saba, kunna sitiyari ya gama juyawarsa, leƙa joy.cpl, sannan ka sake buɗewa. Idan har yanzu babu, musamman bayan sabuntawa, mayar da fayil ɗin maɓallai kaɗai daga kwafinka, ka bar sauran, ka shiga Monza da motar nan taka ka yi zagaye biyu kafin ka nemi tsere.